Baffa Mumtaz Ya Rufe Tagoginsa

Da sanyi ya shigo Lahore a shekarar nan, hayaƙin da ya sauko ya fi na kullum, har daga ƙofar gidanmu ba ka hango hasumiyar masallaci. Maƙwabcinmu Baffa Mumtaz, wanda tun da ya yi ritaya ba ya rabuwa da labaran talabijin, ya ji an ce iskar waje guba ce. Nan take ya liƙe tagogi da salatif, ya toshe ƙasan ƙofa da tsohon bargo, ya ce ba mai fita sai bazara.

Matarsa Nighat ta ce to wanki fa? Da ƙyar ya yarda ta riƙa hawa saman soro ta yi shanya. Ita kuwa in ta hau sai ta zauna hira da mahaifiyata ta kan katanga, kaya su bushe, ta sake yayyafa musu ruwa.

Shi yana ƙasa, lulluɓe da mayafi, kaskon garwashi a gabansa, shisharsa na gurguru. Ga turaren sauro, ga na tsinke, ga hayaƙin man suyar gurasar da ake kira farata daga kicin ba hanyar fita. Ɗansu Sohail ya aiko da na'urar tace iska daga Dubai. Ana kunna ta fitilarta ta yi ja, alamar iskar ɗakin ta gurɓace, ta ƙi sauyawa. Baffa ya ce an cuci yaron, ya jefa mata tawul a kai.

Tari ya fara masa, sai ciwon kai. Ya ɗora laifin a kan Nighat.

"Uwar Sohail, ke kike kwaso mana hayaƙin a mayafinki."

"To Baban Sohail, ni da na kwaso ai ban yi tari ba."

Ranar da numfashinsa ya sarƙe, ni na ɗauke shi a keke mai ƙafa uku zuwa asibiti. Likitar ta saurari ƙirjinsa, ta tambaya ko a wurin gasa bulo yake aiki. Ya ji haushi, ya ce shi tun farkon sanyi ko masallaci bai leƙa ba. Ta sa ya faɗa mata abin da ake ƙonawa a ɗakin. Bai kai ƙarshe ba ta ce ya isa. A fitar da garwashi da shisha, a buɗe taga da rana in hayaƙin waje ya lafa.

A hanya ya ce mini likitocin yanzu yara ne. Amma Nighat ta ɓanɓare salatif ɗin a yammacin, bai hana ta ba.

Yanzu a ƙofar gida yake wuni, a kan gadon igiya, da shisharsa, tunda a ciki kawai aka hana. Takunkumi na rataye a haɓarsa. Duk wanda ya zo wucewa sai ya tsayar da shi, ya ce ya koma gida, iskar nan ba ta da kyau.