Zubaidatu Huɗu, Fayil Ɗaya

Shekara goma sha ɗaya Abdulghani yana rubuta wa magabata takarda, yana roƙon kantocin ƙarfe uku da na'urar sanyaya ɗaki, don laimar Jidda ta daina cin katunan mutane. Shi ne mai kula da ɗakin ajiyar takardu a wani ofishin unguwa a kudancin birnin, kuma ko sau ɗaya ba a tanka masa ba. Kwatsam aka ce kuɗi sun fito, za a gyara harkar adana bayanai. Kafin wata biyu an kafa ƙofar gilashi mai buɗe kanta, an rataye ƙaton allo a wurin jira, an canja wa mudir Nawaf, shugaban ofishin, kujera. Kantoci kuwa har yau suna hanya.

Abin da ya rage na kuɗin aka ba wani kamfani ya ɗauki hoton katunan ya zuba a kwamfuta. Kamfanin ya turo Mohannad, mutum mai ƙamshin turare da agogon da ke ƙirga masa taku, wanda a ganin Abdulghani bai taɓa ɗaga abin da ya fi kofin gahawa nauyi ba. Ranar farko ya leƙa ɗakin, ya yamutsa fuska.

"Ya ammi, halas, an gama, ka huta," in ji shi. "Wata uku duk wannan tarkacen ya shiga nizam, tsarin kwamfutarmu."

Tarkace! Abdulghani ya yi masa kallon banza, ya ci gaba da kaɗa shayinsa.

Abin da ɗan gayun bai sani ba, katunan mutanen unguwar Karantina ba a karanta su ta fuska ɗaya. An buɗe su ne tun ba a sa lambar shaida a jiki. Rabin unguwar sunan danginsu Hausawi, kuma duk wanda aka haifa a gida ba a riƙe ranar ba, ɗaya ga Rajab ake rubuta masa. Zubaidatu Abdallah Hausawi kaɗai su huɗu ne, rana ɗaya, shekara ɗaya. Abdulghani ne ke raba su da fensir a bayan kati: sunan uwa, lungun gida, sana'a. Shi kuwa kamfani da yawan kati ake biyansa, to me zai kai shi juya takarda? Gaba kawai suke ɗauka su jefa a kwali.

Tun rana ta biyu Abdulghani ya gani. Har ya buɗe baki, sai ya tuna da kalmar nan ta tarkace, ya rufe abinsa. Bari su gama, a yanka ƙyalle, a tafa. Ranar da kwamfutarsu ta ruɗe, da ƙafarsu za su sauko ɗakin tarkace, Mohannad da Nawaf ɗin duka, su tsaya a gabansa hannu a baya. Daɗin wannan rana ya riƙa ji tun ba ta zo ba, har yana murmushi shi kaɗai.

Da aiki ya kusa ƙarewa ya ɗauki hutun mako biyu, ya kai iyalinsa garin Ɗa'ifa shan iska. Ya dawo ya tarar da ɗakinsa fes, an shafe shi da farin fenti, an ajiye kujeru masu laushi da injin gahawa.

"Ina katunan?" ya tambayi mudir.

"An niƙe su," Nawaf ya ce, yana fara'a kamar an yi masa haihuwa. "Yana cikin kwangila. Ofishi ba takarda, ya Abdulghani, mabruk, ina taya ka murna."

Abdulghani ya so ya yi magana. Amma faɗa yanzu daidai yake da cewa ya sani ya yi shiru, don haka ya sake yin shirun.

Ranar wata Talata ɗaya daga cikin Zubaidatun nan huɗu ta zo. Ƙawar yayar Abdulghani ce tun suna 'yan mata, tana sayar da yadi a kasuwar Bab Makka. Tun da aka rushe Karantina take raɓe a ɗaki ɗaya a unguwar Sa'alaba da jikokinta uku. An buɗe rajistar masu neman matsuguni, ranar Alhamis za a rufe, kuma abu guda ya rage mata: shaida daga ofishin nan cewa shekara arba'in tana zaune a unguwar.

Aka buga sunanta. Nizam, da yake mai tsafta ne, ya ga Zubaidatu huɗu iri ɗaya, ya ɗauka maimaici ne, ya dunƙule su wuri guda. Ɗaya daga cikinsu ta rasu shekara uku da suka wuce, sai ya rufe fayil ɗin.

"To ga ni tsaye," in ji Zubaidatu. "Ga iƙamata, takardar izinin zama."

Aka kira Mohannad, ya zo yana taɓa allo da ɗan yatsa. "Ya khala, ba wanda ya ce ba kya raye. Wadda ta zauna a Karantina ce ta rasu, haka nizam ya nuna. A kawo asalin katin, minti biyu na gyara."

Abdulghani ya rantse wa Nawaf ya san ta, ya san gidanta, ya ci tuwo a ciki. Nawaf ya ɗaga kafaɗa, ya ce babu gurbin rantsuwa a nizam, sai dai a rubuta ƙorafi, amsa kwana casa'in.

A waje, bakin ƙofar gilashin da ke ta buɗewa tana rufewa saboda tsayuwarsu, Zubaidatu ta gyara abayarta.

"A gabana ka rubuta sunan Inna a bayan katin nan, da fensir. Shi ba a ɗauka ba?"

"Gaba kawai suka ɗauka, Yaya. Jahilai ne, ba su san..."

"Kai da kake ciki ba ka gani ba?"

Ƙarya ta zo masa har bakin leɓe, ta ƙi fita. "Na gani."

"Tun yaushe?"

"Rana ta biyu."

Ta dube shi tun daga rawani har takalmi, a hankali, kamar yadin da aka kawo mata ta gano ruɓaɓɓe ne.

"Su ba su san mu ba," ta ce. "Kai ka san sunan uwata."

Ya laluba aljihu ya fito da makullin mota, ya ce bari ya kai ta gida, rana ta yi zafi. Ko juyowa ba ta yi ba. Ta tsallaka titi tana jan ƙafarta mai ciwo, ta je ta tsaya cikin masu jiran bas.