Allura a Haɓar Zane

Da haƙori Hajiya Zuwaira ta kwance ƙullin, don tun a Paris ta ɗaure shi tam, irin ɗaurin da take yi wa 'yan kunnen zinari ranar biki. Ta zaro ɗan kwalin allurar daga haɓar zanenta, ta dire shi a kan teburin farmasi, ta tura shi gaban ma'aikaciyar da yatsa ɗaya.

"Ga ta nan. A soka mini in wuce, angona na jirana."

Angon nan kuwa jikanta ne, Muhammad Awwal, ɗan bakwaini da ke kwance cikin kwalba a wani asibiti na Lyon. Dominsa ta baro Damagaram da kanwa da yajin jego, don ta yi wa 'yarta Fatsima wanka. Ofishin biza ya ja mata rai har ya gaji, sannan ya ba ta 'yan kwanakin da ba su taka kara sun karya ba. Tana sauka Paris wajen ɗanta Ilya, sai ga wani sabon salo ta waya: wai likitoci sun ce a wannan sanyi ba kakar da za ta shiga ɗakin jarirai sai an yi mata allurar mura. Mura fa! Abin da ake sha wa citta da kanumfari a tashi a ci gaba da daka. Ita kuma allurar ta yi ɓatan dabo, ta ƙare ƙaf a Lyon. Ilya ya yi ta zaga Aubervilliers da ke gefen Paris bayan aiki har Allah ya sa ya dace da guda ɗaya tak. Can kuma sayarwa kawai suke yi, ba sa sokawa, sai ka nemi nas ka jira layi. Surukinta Umar Faruk ya ce a taho da ita, a Villeurbanne, nan gefen Lyon, masu farmasi da kansu suke yi nan take. Kafin a gama wannan kai-komo kwanakinta sun zube, ranar Lahadi jirginta zai tashi.

Ma'aikaciyar baƙar mace ce doguwa cikin farar riga. Ta ɗauki kwalin, ta juya shi, ta ɗora a bayan hannunta, sai ta ɗaure fuska ta yi wata tambaya da Faransanci. Umar Faruk, wanda tun shigowarsu ya koma gefe yana karatun man goge baki don kunyar suruka, ya matso ya amsa da sauri.

"Me take cewa?" in ji Hajiya, ba tare da ta dube shi ba.

"Tana tambayar yadda aka riƙo ta a hanya ne, Hajiya. Na riga na ba ta amsa."

"Kai ka riƙo ta da za ka ba da amsa? Gaya mata da kyau. Wancan shashashan, Ilya, cikin jakar ƙanƙara ya cusa ta kamar kifi, ya jefa a firigon da gardawa huɗu ke wawaso. Firigon da ko furata ba ta kwana a ciki ba! Yana juya baya jiya da la'asar na cire abata, na bar masa jakarsa a rufe. A jikina ta wuni, a jikina ta kwana, ƙarƙashin rigar sanyi biyu. Ko iska ba ta sha ba. Yo maganin sanyi ne kuma za a bari sanyi ya kama shi?"

Umar Faruk ya runtse ido. Ma'aikaciyar ta ajiye kwalin a hankali.

"Mama, sannunku da hanya. Tun jiya da la'asar kuka ce?"

Da Hausa ta faɗa, Hausa garau. Hajiya ta dafe ƙirji.

"La ilaha illallahu! 'Yar gida ce ashe? 'Yar wace ƙasa?"

"Sunana Jeanne, daga Garwa ta Kamaru. A unguwar Hausawa na tashi."

"Alhamdu lillahi, faɗuwa ta zo daidai da zama. To 'yata, ga dantse." Har ta fara janye mayafi.

"Mama, ba zan yi muku ita ba. Ta lalace."

Wallahi da marinta aka yi da ya fi mata sauƙi. Ta tsaya da mayafi a hannu.

"Ta lalace? Ke, dubi kwalin nan. Ko kusurwarsa ta lanƙwashe? Na keto tashar jirgin da ɓarayi suka fi fasinja yawa, ban runtsa ba, hannuna na kanta har Lyon, ki ce mini ta lalace? Nono ce da za ta yi tsami?"

"Kusan haka ne, Mama. Sanyi ne ke riƙe da ƙarfinta. In ta daɗe cikin ɗumi, ba wanda zai iya ce muku tana aiki."

"To soka mini hakanan, jikina ne ba naki ba!"

Mutanen da ke layi sun fara leƙe. Wani tsoho mai ɗan kare ya ja da baya. Hajiya ko a jikinta. Ta ce ita ta haifi tara ta binne biyu ba wanda ya taɓa tambayarta allura. Ta ce rabin jariran unguwar Birni ita ta yanke musu cibi. Ta ce da Baturiya ce ta yi mata haka da ba ta ji zafi ba, amma wadda ta sha ruwan Hausawa, ta iya cewa sannu, ita ce za ta tsaya tsakaninta da jininta, jikanta ɗan bakwaini, don an ba ta farar riga.

"Nasara ya hana ni biza, na haƙura. Ya rage mini kwanaki, na haƙura. Yanzu kuma tawa ce za ta ƙarasa ni. Allah ya isa!"

Da Jeanne ta ga numfashin tsohuwar ya sauka, sai ta ce:

"Mama, sokawa ba wuya, yanzu sai in yi. Ku fita kuna cewa an yi muku rigakafi, alhali wataƙila ruwa na zuba muku. Kun kwana gidan mutane da yawa, kun shigo jirgi cike da masu tari. Murar da za ta sa ku atishawa biyu, shi ɗan bakwaini ba ya da ƙirjin ɗaukarta. Na ga irinsu, Mama. Ba da hannuna ba." Ta juya ga Umar Faruk, muryarta ta yi kauri. "Kai kuma Malam, ka ce mini cikin ƙanƙara ta zo, yanzu kuka fito da ita. A gabana aka kwance ta daga zane."

Tun ranar da aka ɗaura auren Fatsima, Hajiya Zuwaira ba ta taɓa kallon tsakiyar idon surukinta ba. Yau ta kalla.

"Haka ka ce mata?"

"Hajiya, ku yi haƙuri..."

"Tambayarka na yi. Ka san ɗumi na kashe ta?"

Ya sunkuyar da kai. "Na sani. Da na ga inda kuka fito da ita gabana ya faɗi. Amma Fatsima kullum kuka take, tana cewa za ku koma ba ku ɗauke shi ba. Na ce wataƙila ba komai."

"Wataƙila! Ɗan naka za ka ɗora a kan wataƙila? Ni jahila ce, ban yi lakwal ba, ban san boko ba, na yi abin da na sani. Kai da kake auna sinadari a Saint-Fons, aka ce duk masana'antar ba kamarka, kai ne za ka rufe ni ka rufe ta, ka tura ni in hura wa yaro ciwo? In wani abu ya same shi, wa za a ce? Kakarsa ta zo daga Damagaram ta kashe shi!"

Jeanne ta ɗauki waya ta yi ta bugawa, farmasi bayan farmasi, har na bayan gari. Ko'ina amsa ɗaya: babu, sai bayan sabuwar shekara. Ta rubuta sunan Hajiya cikin masu jira duk da haka, ta rako su har ƙofa tana ba da haƙuri. Hajiya kuwa, kwalin ma a kan teburin ta bar shi.

A cikin taram, jirgin ƙasa na cikin gari, ta zauna jikin taga tana huci. Fushin ya rasa inda zai sauka. Ya je kan Ilya, da bai buɗe baki ya ce mata ga dalilin ƙanƙara ba, sai dai "Inna, kar ki taɓa," kamar yana magana da yarinya. Ya je kan masu biza. Ya je kan garin nan da rana ba ta fitowa. Duk inda ya zaga sai ya dawo kan hannuwanta biyu da ke kan cinya, su da suka ɗaure ƙullin. Garin gyaran gira ta rasa ido, ba kuma wanda za ta kai ƙara. Wannan ne ya fi ƙona mata rai.

Sun kusa sauka Umar Faruk ya yi gyaran murya, yana kallon takalminsa.

"Hajiya, ba don in ƙara ɓata muku ba. A ƙofar ɗakin ba sa neman shaida. Nas ce kawai ke tambaya. In kuka ce *oui*, wato i, shi ke nan. Ga abin rufe hanci, ga sabulu. Ni dai na faɗa, shawara taku ce."

Taram na tsayawa ta ɗauki jakarta ta sauka.

Ɗakin jariran yana hawa na sama, ƙarshen wani dogon baranda mai warin magani. Rabin bangonsa gilashi ne. Tun daga nesa ta hango Fatsima a ciki, ta rame, tana sanye da rigar asibiti, an fito mata da yaron daga kwalba an ɗora mata a ƙirji. Ɗan mitsitsi, kansa bai fi lemo ba, da 'yar hula. Ba abin da Hajiya take so a duniya irin ta ji nauyin yaron nan a tafinta, ta shinshina wuyansa, ta tsokane shi da rowar kuɗin cefane.

Wata nas mai furfura ta tare ƙofa da murmushi, ta dubi Hajiya, ta nuna dantsenta da yatsa tana tambaya. Umar Faruk ya buɗe baki.

"*Non*," in ji Hajiya Zuwaira, wato a'a, da ƙarfin da ya sa nas ɗin ta ɗan zabura.

Ta juya ta tafi jikin gilashin, ta tsaya. Fatsima ta gan ta, ta dubi ƙofa, ta dubi mijinta, sai ta gane. Hawaye suka zubo mata. Ta miƙe a hankali, ta matso da yaron, ta juyo da fuskarsa. Kan ya ɗan langaɓe gefe.

"Ke! Wuyan! Tallafe masa wuya, sakarya, haka aka koya miki?"

Ba abin da ke ratsa gilashin. Fatsima ta girgiza kai alamar ba ta ji. Hajiya ta yi tsaki, ta yar da jakarta ƙasa, ta lanƙwasa hannun hagu a ƙirjinta, ta buɗe tafin dama ta tallafi iska daidai inda kai zai kwanta. Fatsima ta gyara. Hajiya ta ɗaga gwiwar hannu kaɗan, Fatsima ta ɗaga. Sannan tsohuwar ta fara jijjigawa a hankali, hagu da dama, 'yarta na bin ta daga ciki, har yaron ya yi hamma.