Kazar Veronika a Gindin Randa

Shekara guda da rufe ramin haƙar yuraniyom na Akokan inda muke aiki, maƙwabcina Samson ya gaji da zaman jira, ya tattara ya koma Maradi. Ni na tsaya, na sayi babur ina kabu-kabu. Matarsa Veronika ya bari ta sayar da tarkace ta biyo shi, kuma tun ranar da aka yi maganar tafiyar nan matata Madina ta daina cin abincin kirki. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ta kanta suke miƙa wa juna gishiri da gulma tun ba mu da ɗa ko ɗaya. Veronika ce ta riƙe ta ranar da ta haifi Rahama, ni ina can ƙarƙashin ƙasa sai da na fito na ji labari.

Ana cikin haka bazara ta kama. Wanda bai yi bazara a Arlit ba, don Allah kada ya yi mini maganar zafi. Sai ga kazar Veronika, wata ja mai baƙin taurin kai, ta tsallako gidanmu ta zagaya ta zagaya, ta zaɓi gindin randarmu inda yashi yake da danshi, ta baje. Kwanci take so. Na kore ta, ta dawo. Na sake kora, ta sare ni a yatsa.

Veronika ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Baban Rahama, ƙyale ta. Kaza mai kwanci ba ta jure doguwar tafiya a motar kar, kafin Agadez ta mutu." Ta juya wajen Madina. "Ki sa mata ƙwai. In na ga 'yan tsakin da idona sai in kama hanya. Ita da su duk na bar miki."

Madina kuwa washegari ta yafa mayafi ta tafi lambu wajen wani dattijo Akoli mai kiwon tsuntsaye, ta dawo da kwano a rufe. Ita da kanta ta zuba wa kazar ƙwan, sannan ta kafa doka: ba mai ɗaga kazar nan, ba mai leƙa ƙarƙashinta.

Daga nan na zama baƙo a gidana. Aka rataya buhu jiƙaƙƙe a gaban randa, da ya bushe a sake jiƙa shi. Ruwan kasko ana sauya shi kafin ya ɗumama. Ɓawon kankana da na saba gani a bola ya koma abincin sarauniya. In kuran, wato wutar lantarki, ya zo, fankar ɗakina ake fitarwa a juya wa kaza, ƙanƙarar firigo ma ita ake fara jefa wa. Ni da nake wuni a kan babur cikin rana, in na zo shan ruwa sai in yi sanɗa, ana ce mini, "Malam, a hankali, za ka firgita ta." Haushi ya ishe ni, amma Madina ta koma cin abinci, kullum su biyu suna zaune bakin randa suna tsince shinkafa suna dariya, sai na haɗiye.

Mako uku ya cika, shiru. Aka shiga na huɗu, shiru. Samson ya kira ni a waya ya ce, "Muktar, kazar nan ƙwai take kwanci ko duwatsu?" Veronika ta fara cewa ko zafi ya lalata su. Madina ta ce a'a, ƙwan bana ne ba ya sauri. Ta faɗa tana kallon ƙasa.

Sai wata rana kuran ya ɗauke tun safe. Da azahar iska kamar daga bakin murhu. Na dawo cin abinci na tarar kazar ta saki fukafukai, baki buɗe tana haki, kai ya langaɓe. Dama ta rame, zaman ya yi mata yawa. Madina na tsaye da moɗa a hannu, ta rasa ta inda za ta fara. Veronika ta shigo da gudu, ba ta tsaya jin wata doka ba, ta sungumi kazar ta tsoma ƙafafunta a roba, ta shafa mata ruwa ƙarƙashin fukafukai, tana ɗiga mata a baki da yatsa. Can kazar ta ɗaga kai ta yi wani ɗan guntun kuka, har ta kai wa Veronika sara. Muka sauke ajiyar zuciya.

Sannan Veronika ta waiwaya ta ga ƙwan. Manya-manya, masu santsi, kowanne ya kusa cika tafin hannu. Ta ɗauki ɗaya ta juya shi.

"Maman Rahama, wannan ai na agwagwa ne."

Ta kafe Madina da ido.

"Mako biyar agwagwa take yi. Kin sani?"

"Na sani," in ji Madina. "Na tambayi Akoli wanne ya fi daɗewa. Na jimina na so, ya ce ba shi da shi."

Veronika ta zauna daɓas a kan turmi tana dariya har tana riƙe ciki. Madina kuwa kuka ta fashe da shi, ta ce ita ba ta son tafiyar nan, ba ta da kowa a garin nan kamarta, kuma saura kaɗan ta kashe baiwar Allah a banza. Veronika ta mai da kazar kan ƙwan, ta miƙo mini hannu. "Baban Rahama, ara mini wayarka." Ta kira mijinta ta ce ƙwan suna nan lafiya, sai dai irin masu nawa ne, ya ƙara haƙuri.

Ranar da suka fito, Madina ce ta fara jin kukansu da hantsi. Ta daɗe a tsaye kafin ta je bakin katanga ta kira Veronika da sunan ɗanta, ta ce, "Maman Bulus, sun fito." Bakwai suka rayu, rawaya-rawaya, masu faffaɗan baki. Kafin kwana biyu sun gano kaskon ruwa sun faɗa ciki, uwar tana zagayawa tana kururuwa kamar gobara ta tashi. Matan nan suka yi ta dariya har hawaye, dariyar ta ƙare hawayen bai tsaya ba.

Ni na kai Veronika tasha a babur. Madina ta ƙi rakiya, wai ba mai duba mata yara. Da za ta hau kar, Veronika ta ce, "Ka gaya mata, ran da agwagin nan suka fara kwanci ta kira ni. Zan zo da kaina in duba abin da ta sa musu, don na daina yarda da ita."

Na dawo na tarar da Madina a gindin randa tana marmasa wa 'yan agwagwa dusa. Na isar da saƙo. Ba ta ɗago ba, sai ta ce, "Malam, wata nawa agwagwa take yi kafin ta fara ƙwai?"