Ranar da Silas Ya Karanta Doka

Tun daga nesa maɓallan rigar Silas suke ɗaukar ido. Kujo yana cikin taɓo har gwiwa, yana toshe wurin da kogi ya fasa madatsar gonar shinkafa, sai ya hango ƙanen nasa tafe cikin shuɗiyar rigar soja, mata suna ta gaishe shi kamar ba jiya ma suka gan shi ba. Kujo ya sunkuyar da kai ya ci gaba da aiki.

Uwa ɗaya uba ɗaya suke, a wannan gona ta jihar Jojiya, a kudancin Amurka, aka haife su bayi. Da yaƙin basasa ya yi zafi, Silas ya sulale ya bi rundunar Arewa. Kujo ya zauna, domin tsohuwarsu Mama Bina ba ta iya tashi, dole wani ya zauna. Shi aka ɗaure aka yi wa bulala don ya faɗi inda ƙanensa ya nufa, bai faɗa ba. Shi ya yi jinyar tsohuwa, shi ya haƙa mata kabari. A shekarun nan, in rigima ta tashi a layin bukkokinmu, ƙofar Kujo ake ƙwanƙwasawa. Yanzu yaƙi ya ƙare, Silas ya dawo da takalmi da karatu, ƙofar ta huta.

Da yamma Kujo ya tarar da matarsa Hagar a bakin murhu, shuɗiyar rigar a cinyarta.

"Baba Pompi ya zo," in ji ta. Shi ne dattijon da ke ja mana addu'a. "Ya ce ranar sabuwar shekara Silas zai karanta mana dokar nan ta hana bauta. Wai an sa ta cikin tsarin mulkin ƙasa, ba mai iya cire ta."

"Silas, Silas! Ko kaza ta yi ƙwai a gonar nan, Silas ne."

"To kai ka iya karatu?"

"Yaushe zan koya? Ina nan ina wanke wa uwarsa jiki."

"Uwarku dai."

Ya zauna ya miƙe ƙafa. "Kuma me rigarsa take yi a cinyarki?"

"Maɓalli ne ya cire. Ba shi da mata."

"Ni da nake da mata, tawa rigar ko maɓalli ɗaya babu."

Hagar ta yi dariya. Da ta ga shi bai yi ba, ta gutsure zare da haƙori, ta ci gaba da ɗinki.

Ranar ta zo da sanyi. Aka girke tukwanen shinkafa da wake da naman alade, ɗakin addu'a ya cika har ƙofa. Kujo bai shiga ba. Ya tsaya a jikin taga, hannu a ƙirji. Silas ya hau benci, ya buɗe jarida, ya karanta sannu a hankali yana bin layi da yatsa: babu bauta, babu aikin dole a ko'ina cikin ƙasar Amurka, sai dai a matsayin horo ga wanda shari'a ta kama da laifi.

"Tsaya, ɗana," in ji Inna Tena, wadda ta girmi kowa a wurin. "Maimaita min wannan 'sai dai' ɗin."

Ya maimaita.

"Su wa za su ce mutum ya yi laifi?"

Silas ya sunkuya yana laluben jaridar, tambayar ta fi ƙarfin karatunsa. Wani daɗi ya ratsa Kujo, ya ji kunyar daɗin, amma bai kore shi ba. Sai wata mata ta ɗauki waƙa, aka fara tafi ana buga ƙafa, tambayar ta nutse a ciki. Baba Pompi ya ɗaga hannu ya ce tsohon ubangidanmu, wanda yaƙi ya kora, ya dawo yana neman gonarsa, kuma Silas ne zai tsaya ya yi magana da yawunmu. Samari suka ɗaga Silas sama. Kujo ya juya ya nufi maƙabarta, ya zauna a gefen kabarin tsohuwa.

Can sai ga Silas da kwanon abinci, Hagar tana biye da shi da butar ruwa.

"Yaya, na duba ban gan ka ba."

"Ina za ka gan ni? Kana sama."

Silas ya ajiye kwanon, ya durƙusa ya shafa ƙasar kabarin. "Na san abin da aka yi maka saboda ni. An gaya min."

"An gaya maka. Madalla."

"Maganar gona kuwa, ba zan je gaban mutumin nan ba sai da kai. Ni tsoronsa nake ji har yanzu." Sai muryarsa ta sauka. "Abu ɗaya nake so in tambaye ka tun da na dawo. Da za ta cika, ta ambace ni?"

Kujo ya dubi kwanon. Tun da ciwo ya ci ƙarfinta, tsohuwa ba ta da suna a baki sai na Silas. In Kujo ya ɗaga kanta ya ba ta ruwa, sai ta shafa fuskarsa ta ce, "Silas, ka dawo?" Shi kuma ya ce, "Na dawo, Mama."

"Ba ta ambaci kowa ba," in ji Kujo. "Barci ta yi."

Silas ya gyaɗa kai. Ya daɗe a durƙushe, sannan ya miƙe ya kaɗe gwiwa. "To. Gara haka, ba ta sha wahala ba."

Ya tafi wajen masu waƙa, kafaɗunsa a sake. Hagar, wadda ta yi jinyar tare da mijinta, ta ji komai. Ta dubi Kujo, shi kuma ya ƙi dubanta. Ta ajiye butar a gabansa ba tare da ta zuba masa ba, ta koma ɗakin addu'a.

Kujo ya jawo kwanon ya kai loma baki. Abincin ya yi daɗi. Ya cinye shi duka.