Bakin da Ya Amsa wa Unguwa

A bakin rumfar cajin waya aka ƙulla maganar, janareto na ta tari a gefe. Mai rumfar, Mai Walda ake ce masa, don walda ce sana'arsa ta gaskiya. Wata goma sha ɗaya ke nan da taransifomar unguwa ta ƙone, injinsa ya koma wurin shanya tsumma, shi kuma ya jera soket sittin a kan katako yana yi wa mutane caji. Abokin cinikin nasa kuwa Kodineta ne, mai riƙe wa wani ɗan takarar shugaban ƙasa da suke kira Maigida unguwar, mutumin da turarensa ke riga shi isowa.

"Kamfanin da Maigida ya ɗauka zai yi ƙuri'ar jin ra'ayi wannan makon," in ji Kodineta. "Ta waya suke kira, daga hantsi zuwa la'asar. To a wannan lokacin, wayoyin unguwar nan a hannun wa suke?"

Mai Walda ya dubi katakonsa.

Kodineta ya ci gaba: "Lambarsu da bakwai uku take ƙarewa. In ta shigo ka ɗaga, ka ce Maigida za ka zaɓa. Taransifoma guda ya sayo, tana kan tirela. In ya ga unguwar nan tasa ce, ina kake jin zai sauke ta?"

"Wayar mutane amana ce fa, ranka ya daɗe."

"Kai da za ka kawo musu wuta? Addu'a za su yi maka, malam. Ko ba ka kewar tartsatsi?"

Yana kewa, ba kaɗan ba. Suka tafa. Hannun Kodineta laushi, kamar bai taɓa ɗaukar ko buta ba.

Ran Litinin Mai Walda ya zama direba ɗan shekara arba'in. Kafin azahar ya zama tela, ya zama malamin makaranta mai ritaya, ya zama ɗalibi. In wayar mace ce, sai ya toshe hanci ya sirance murya. Dukansu kuwa Maigida suke so. Ran Laraba yarinyar kamfanin da ke tambayar ta katse shi.

"Baba, ba da kai na yi magana ɗazu ba? Ga ƙarar janareton nan."

"Duk unguwar janareto ne, 'yata."

"Ni ina ruwana," ta ce, tana hamma. "In dai layin takardata ya cika. Wa za ka zaɓa?"

Wannan hammar ta fi zagi tsaya masa a rai. Ashe ba ma wanda yake yaudara, kowa ya sani.

Da yamma sai ga yayarsa, ungozoma ce, ta zo karɓar 'yar wayarta mai tocila, wadda da haskenta take karɓar haihuwa tun da wuta ta tafi.

"Kai, Ƙanena, na ji a rediyo wai ana kiran mutane ana tambayarsu. Shekara hamsin da takwas ba wanda ya taɓa tambayata me nake so. Allah ya sa su kira ni. Na shirya musu tsaf: ba wuta, ba ƙuri'a!"

Sun riga sun kira ta da ƙarfe goma sha ɗaya. Da muryar ƙanenta ta ce musu Maigida take so, kuma ba ta da wani kuka. Mai Walda ya miƙa mata wayar, idonsa a kan soket.

Bayan mako biyu tirela ta shigo. Yara suka bi ta da ihu, mata suka leƙo. Mai Walda har ya yaye tsummokaran da ke kan injinsa. Tirelar ta rage gudu a gaban rumfarsa saboda rami, ta wuce, ta tsallaka titi, ta shige unguwar da ke can ƙetare.

Ya sami Kodineta a ofishin kamfen, ƙarƙashin fanka, yana sakace.

"Ai kai ka yi aiki!" in ji shi, ya turo masa takarda. "Dubi, casa'in cikin ɗari. Su kuwa na ƙetare, rabinsu cewa suka yi ba su yanke shawara ba."

"To taransifomar fa?"

"Haba, Mai Walda, kamar ba babba ba. Kazar da ke cikin akurki wa ke watsa mata tsaba? Ta waje ake lallaɓa."

"Ka san haka tun ranar da muka tafa."

Kodineta ya duba tsinken sakacensa, ya busa. "In an ci zaɓe za a duba ku."

Mai Walda ya ture takardar, ya fito. Wa zai kai wa ƙara? Ya ce musu me? Ya koma ya mayar da tsummokaran kan injin.

Kodineta ya samu mota, don ya kawo unguwa sukutum. Yarinyar kamfani layinta ya cika. 'Yan ƙetare, da ba su yi komai ba sai faɗin gaskiya, suna shan ruwan sanyi. Mai Walda ma in ka bi ta kasuwa bai faɗi ba, har katako na biyu ya ƙara, don duhu ba ya yanke masa ciniki. Asarar tana wurin ungozoma, da har yau take karɓar haihuwa da waya a baki. Kullum in ta zo karɓarta sai ta tambaye shi, "Ƙanena, ba su kira ba?"