Ido Huɗu, Ɗanjuma Ɗaya

A taƙaice, domin mai gaggawa: a shekarar da aka zaftare albashi, wata kyamara mai ido huɗu ta shigo unguwar New Bell ta birnin Douala, idanunta suka saɓa wa juna, aka kuma sasanta su a cikin unguwa ba tare da an kai ƙara ko'ina ba. Ba a rasa rai ba.

Mai kyamarar shi ne Halilu, tsohon ma'aikacin tashar jiragen ruwa, ɗaya daga cikin waɗanda aka sallama aka raɗa musu suna *compressés*. Kuɗin sallamarsa kaf a kanta ya zuba. Irin ta hoton katin shaida ce: a danna sau ɗaya, fuska huɗu su fito nan take a takarda guda. In ta ƙi aiki, babu abin da ya rage masa sai dako a kasuwa.

Maƙwabcinsa Ɗanjuma mai tsire ne ya buɗe masa ciniki. Aka ɗauke shi, ya kai hotunan kwamisariya, wato ofishin 'yan sanda, ya dawo yana huci.

"Halilu! Ka san abin da ɗan sandan ya tambaye ni? *Lequel est vous?* Wai wanne ne ni a cikin 'yan gidanmu!"

Halilu ya duba hotunan. Na sama a dama kyakkyawa ne, fes, kamar angon jiya. Biyu sun yi hazo-hazo. Na ƙarshe ya yi duhu kamar an ɗauke shi a cikin rijiya. Kamfani ɗaya ne ya ƙera gilasan idanun kyamarar, amma bai ƙera su daidai ba: wani ya zauna kusa da fim fiye da kima, wani yana rowar haske. Hukuma kuwa huɗu iri ɗaya take so.

"Ba ni zuwa la'asar, maƙwabci."

"In ba haka ba, duk wanda ya sayi tsirena sai ya ji labari!"

Fim kaɗan ya rage, ba na gwaji ba ne. Halilu na cikin wannan tunani idonsa ya faɗa kan takardar da aka naɗo masa tsiren safe. Man gyaɗa ya jiƙa ta har haske na ratsa ta. Ya yi zumbur, ya buɗe bayan kyamarar, ya miƙe takardar a gurbin fim, ya ƙwala wa matarsa kira.

"Rakiyatu! Baƙin zanenki da almakashi, maza!"

Aka zaunar da Ɗanjuma a rana. Halilu ya lulluɓe kansa da zanen, sai ga ihu daga ciki.

"Ga ka nan! Wallahi ga ka nan, har huɗu, duk kai a ƙasa!"

"Kai a ƙasa? To juya ni mana!"

Kafin a ce haka, teloli da masu goro sun cika ƙofar, kowa na neman a bar shi ya leƙa. Rakiyatu ta yanka ƙananan zobba daga takardar azurfa ta kwalin sigari. Halilu ya kwance gilashi mai hazo, ya sa zobe ɗaya a ƙarƙashinsa, ya ɗaura, ya leƙa.

"Gashin baki ya fara fitowa! Ƙaro ɗaya!"

Jama'a suka ɗauki sowa. Zafi ya murƙushe takardar, sai aka aika teburin Ɗanjuma a kawo sabuwa; da yake maiƙo ba ya zuwa shi kaɗai, 'yan kallo suka ɗauki nauyin abin da ke cikinta.

Aka yi wa ɗaya mai hazon haka shi ma. Hazo ya kau, saura duhu. Nan Halilu ya fahimci abin da gwamnati ta riga shi fahimta game da albashi: wanda ke ƙasa ba ya ɗaguwa, sai dai a sauko da na sama. Ya sa aka yanka baƙaƙen zobba uku domin a tsuke bakin idanu masu haske.

"Har da na daman?" in ji Ɗanjuma daga kujera. "Haba *mon frère*, shi kaɗai ne ya san darajata!"

"Kati kake so ko yabo?"

Aka tsuke na daman ma. Halilu ya sa fim, ya yi bisimilla, ya danna. Kowa ya matso. Da ya ɓare takardar hoton, Rakiyatu ce ta fara rangaɗa guɗa: Ɗanjuma huɗu, duhunsu ɗaya, haushinsu ɗaya, ko uwarsa ba za ta bambanta su ba.

Ɗanjuma ya hau babur ya koma kwamisariya, aka karɓa ba tambaya. Kafin ya dawo, layi ya kai bakin titi.

Abin da aka kashe: kwalin sigari biyu, fim biyu, da na farko da na ƙarshe, baƙin zane ɗaya, wanda har yau yake ƙanshin yaji, rabin tiren tsire, ba a san wanda ya ci ba, da kuma ido ɗaya tilo a duk Douala da ya taɓa ganin Ɗanjuma kyakkyawa.