Kwanan Watan Gindin Gwangwani

Duk layin sun san dalilin da ya sa ake ce wa mai waldan nan Barkono. Mutum ne mai kirki har sai an taɓa shi, in kuwa aka taɓa, to sai dai a ba shi hanya. Matarsa ce kaɗai ke iya masa, ita ma sai ta lallaɓa. Mace ce mai tsantseni da abin da za a kai baki, ba ta sayen komai na gwangwani ko na leda sai ta juya shi ta karanta ranar da zai lalace. Barkono yakan tsokane ta cewa da ruwan sama na zuwa da takarda, sai ta karanta kafin ta tara bokiti. Da zazzaɓi ya ƙafar mata da nono aka koma ba 'yarsu madarar gwangwani, sai tsantsenin ya ninka: ta tafasa ruwa, ta tafasa kwalba, ta wanke hannu har gwiwa.

Duk da haka yarinyar ta kwanta. Amai da gudawa tun asuba, kafin hantsi idanunta sun faɗa, maɗigarta ta lotsa. Suka ɗauke ta a babur zuwa ƙaramin asibitin unguwa, inda nas ta sha wahala kafin ta samu jijiyar ƙarin ruwa, sannan ta nemi ganin abin da ake ba ta. Matar ta ciro gwangwanin tana rantsuwa cewa da sauran lokacinsa, ga shi nan a rubuce. Ta ce jiya da ta buɗe ta ji ƙamshin ya ɗan sauya, amma rubutun ya kwantar mata da hankali. Nas ta karɓi gwangwanin. Ta tsoma auduga a ruwan goge fata, ta murza gindin gwangwanin, tawadar ta biyo audugar kamar kwalli. Da ta karkata shi wajen taga, sai ga inuwar tsohon rubutu a ƙasa. Madarar ta fi shekara da mutuwa.

Nas ta ce kada uban ya yi nisa, domin in jikin bai ɗaga ba dole a garzaya babban asibiti, su kuwa a nan asibitin ba su da mota. Matar ta ga jijiyar goshinsa ta miƙe, ta riƙo rigarsa.

"Baban yarinya, don girman Allah zauna. Ba yau ba."

Ya ce mata zani kawai zai ɗauko a gida. Ƙarya yake yi, ita ma ta san ƙarya yake yi. Ya biya rumfar waldarsa, ya zari guntun rodi, ya nufi kantin da ya sayi madarar.

Mai kantin dattijo ne mai fara'a, irin wanda ke tambayar lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya. Barkono ne ya ƙera masa ƙofar ɗakin ajiyar kayansa na baya, ƙofar ƙarfe mai sakata biyu, ya yi ta da zuciya ɗaya har yana alfahari da ita. Yau a buɗe ya same ta. Ya ratsa kanta ba sallama, ya tarar da dattijon zaune a kan kwali, kwalbar fetur a gefensa, auduga a hannu, ga hatimin roba, ga gwangwanaye jere an kife su gindi a sama. Dattijon ya ɗago, murmushin bai ma gama barin fuskarsa ba, ya ce haba ɗana, ai gari ba ya lalacewa, masu kamfani ne ke son a yi ta zubarwa.

Rodin ya sauka a hannun da ke riƙe da audugar. Ƙashi ya yi ƙara, dattijon ya kurma ihu. Barkono ya sake ɗagawa ya ba shi a kafaɗa, ya tokare shi da ƙafa ya faɗa cikin kwalaye, sannan ya fasa gwangwani ɗaya ya damƙi wuyansa yana cusa masa garin a baki, yana cewa ci, ai ba ya lalacewa. Jini da madara suka caɓe a gemun mutumin. Tausayi ko na ƙwayar zarra bai ji ba, daɗi ma ya ji, irin daɗin da ke zuwa wa mai sosa ƙurji.

Ihun ya tara mutane. 'Ya'yan mai kanti biyu suka shigo da gudu, maƙwabta na biye, ba wanda ya tsaya tambayar ba'asi, sun dai ga ƙato a kan tsoho. Wani ya rafka masa benci a ƙeya. Suka yi masa taron dangi, duka ta ko'ina, har haƙorinsa ya fita. Suka janye uban nasu waje, suka ja ƙofa suka danna sakata biyun, suka ce a nan zai jira 'yan sanda. Ta jikin bango yana jin ana farfasa babur ɗinsa.

Sai wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Matarsa ce. Ta ce yarinya ta fara sanƙarewa, nas ta ce yanzu-yanzu a tafi, yana ina? Ya ce ga shi nan zuwa.

Ya tashi ya afka wa ƙofar. Ya doke ta da kafaɗa, ya doke ta da rodi, ya nemi inda walda ta yi sakaci, babu, shi ya yi ta. Ya roƙi na waje, shi da bai taɓa roƙon kowa ba. Ya ce 'yarsa ce ke mutuwa, su buɗe, in ya kai ta zai dawo su kashe shi in sun ga dama. Babban ɗan mai kanti ya ce ai da ya tuna yana da 'ya da bai karya uban wasu ba.

Matar ta sake kira daga bakin titi. Ta ce ta goya ta, tana riƙe da ledar ƙarin ruwa a sama, motoci duk a cike, ba mai tsayawa. Yana jin hon, yana jin numfashinta. Ya ci gaba da dukan ƙarfen har fatar hannunsa ta saɓule, tsoro ya cika shi irin wanda bai taɓa sani ba.

Rana ta karkata kafin 'yan sanda su iso. Suna zare sakata wayar ta sake ƙara. Ya ɗauka, ya ce wa matarsa an buɗe, an buɗe, ga shi nan tafe, ta faɗa masa wane ɗaki aka kwantar da su.

Muryarta a kwance take, babu kuka a ciki.

"Ba sai ka yi sauri ba," in ji ta. "In sun sake ka, ka taho da farin yadi."